Birki da amsa sallama

Khalilu,

Amsa sallama wajibi ne a kan wanda ƙafarsa ke kan birki? Na kwana ina juya wannan, ban gano ba.

Jiya da ka ƙi taya ni canza man birki, Kawu Muntaka na zaunar ya taka ya riƙe, ni ina ƙarƙashi ina cire iska. Kowa ya yi sallama, sai Kawu ya ɗage ƙafa ya fito gaisawa. Shi dai ya kwashi lada. Birkin kuwa ya sha iska, ba ya kamawa.

Kada ka kai Inna asibiti a motar nan, ko ta yi faɗa.

Na hau keke zuwa garin Zakirai in ɗauko Mika'ilu bakanike. E, wanda na rantse ba zai sake taɓa motata ba. Ka gama dariyarka kafin in dawo.