Ƙarfen da Bai Jira Asabar Ba

Zogbeli, Tamale, 1958

Yaya Garba,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da yara? Ni lafiya lau.

Ina nan maƙerar Alhaji Issahaku, muna ƙera akwatuna da alminiyam na tsohon jirgin sama. Ƙarfen yana da hali. In an gasa shi aka tsoma a ruwa sai ya yi laushi, amma yana kwana biyu ya taurare, kuma akwai gefen da ba ya lanƙwasuwa. Na gasa wani ran Alhamis, Juma'a ba ma aiki. Ran Asabar na lanƙwasa shi ta wannan gefen, ya tsage a hannuna na dama, ya yanke ni.

Ka karanta wa Inna gaisuwar kawai, kada ta ga takardar. Ta san rubutuna, wannan kuwa da hagu na yi shi.

Ƙaninka,
Ɗanlami