Yayata ta huda wa 'yata kunne a ɓoye

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana, waɗanda zan kira a ciki ma duk na canza musu suna. Wallahi na wahala a kwanakin nan, ban taɓa zaton hujin kunne, ɗan ramin da bai kai ƙwayar gero ba, zai hana ni cin abinci. Don Allah ku ba ni shawara, musamman iyaye mata. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya.

Ni mai facin taya ne a Jimeta, shekaruna sun wuce arba'in da biyar, ina haya ɗaki ɗaya a unguwar Ajiya. Asalinmu ba nan ba ne, gudu ne ya kawo mu daga wajen Mubi lokacin da 'yan ta'adda suka shigo garin, ni da matata Maryamu da 'yarmu a goye, wata takwas. Da ƙafa muka fito, ba mu ɗauki komai ba sai kayan jikinmu. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, da muke kira Adda, tana aure a Yola Gari, ita ta karɓe mu ta ba mu ɗakin 'ya'yanta. Shekara biyu da zuwanmu Maryamu ta rasu wajen haihuwa, har da abin da ke cikin. Da aka yi mata wanka Adda ce ta fito ta damƙa mini 'yan kunnenta a hannu. Ba gwal ba ne, irin na kasuwa ne masu ɗan nauyi da jan dutse, amma su kaɗai ne abin da ya fito tare da mu daga gida. Na ƙulle su a tsumma na sa a akwati da takarduna. Da ruwa ya shiga ɗakina wata damina sai na kai akwatin wajen Adda ajiya. Ban sa kwaɗo ba, me zan kulle wa Adda?

Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Yanzu shekararta sha ɗaya da wani abu. Wajen Adda take zaune, makarantarta da islamiyyarta duk a can suke, ranar Juma'a bayan masallaci in ɗauko ta a mashin, Lahadi da yamma in mayar. Ban sake aure ba. Adda ce uwarta, wannan ba na musu, ita ta yaye ta, ita ke mata kitso, ita ta yi jinyarta da ta yi ƙyanda.

To ga inda maganar take. Mu jininmu yana da wata irin fata, in aka ji ciwo ba ya warkewa ya kwanta, sai nama ya taso ya yi ta girma. Mahaifiyarmu, Dada, huda kunne ne ya jawo mata. Kunnenta biyu kowanne da tsiro kamar goro yana reto, an taɓa yanke mata sau ɗaya ya dawo ya fi na da. Har ta mutu ban taɓa ganin ta zauna cikin mata ba ta ja ɗankwali ta rufe ba, kuma in zafi ya yi ƙaiƙayi yake mata ta yi ta sosawa har ya yi jini. Ni ma ina da shi a ƙirji inda ƙarfen taya ya taɓa yanka ni. Ummi kuma tun allurar rigakafi na ga alama, wajen ya taso a kafaɗarta kamar wake. Saboda haka tun ranar suna, da tsofaffi suka zo da allura da zare, ni da Maryamu muka ce a bari. Aka yi ta surutu, muka toshe kunne. Da na ba Adda yarinyar ban gindaya mata sharaɗi ko ɗaya ba sai wannan, na ce Adda ki dake ta in ta yi laifi, ki sa ta aiki, amma kar a taɓa mata kunne. Ta ce, "Haba Ɗanjuma, ni za ka gaya wa? Ba uwata ba ce ni ma?"

Juma'a uku da suka wuce na je ɗaukar ta, Adda ta ce in bar ta, ana shirin bikin 'yarta ta fari akwai aiki. Na ce to. Juma'a ta biyu aka ba ni ita da hijabi har gwiwa. Ku da kuke Yola kun san zafin da ake yi, ɗakina kuma kwano ne ba silin. Yarinyar nan ba ta cire hijabin ba, da shi ta ci abinci, da shi ta yi shara, da shi ta kwanta. Na tambaye ta, ta ce malaminsu ne ya ce sun girma. Jama'a, ni wawa, murna na yi. Har na je kasuwa na ƙara saya mata wani hijabin ruwan toka, ina gaya wa abokan aikina 'yata ta fara hankali. Wannan abin in na tuna shi ne yake ci mini rai ya fi komai.

Juma'a ta uku na ɗauko ta, na ga ba ta da walwala, tana karkata kai gefe ɗaya. Asabar da la'asar tana alwala a bakin rijiya ina zaune ina kallo, sai na ga ta tura hannu ƙarƙashin hijabi ta shafi kai, ta tsallake kunne ta tafi ƙafa. Ni na koya mata alwala da hannuna. Na ce ke Ummi, wace irin alwala ce wannan, cire hijabin ki sake. Ta tsaya da buta a hannu. Na sake faɗa da ƙarfi. Sai ta fara kuka ba sauti, tana cewa, "Baba don Allah kar ka raba ni da Goggo." Ni ban ma gane me ya kawo Goggo, wato Adda, cikin alwala ba. Da na ɗaga hijabin, ya manne da kunnen hagu, sai da na jiƙa shi da ruwan butar ya saki. Kunnen ya kumbura ya yi ja, yana ruwa, yana wari. Kuma abin da ke maƙale a ciki, jan dutsen Maryamu ne.

Akwai maƙwabciyarmu Maman Joy, 'yar Numan ce, nas ce, tun da na tare a gidan muke zaman mutunci. Ita na kira. Ta duba ta riƙe baki. Ta ce an huda da allura, maimakon a bar zare ya zauna har ramin ya bushe, rana ta uku aka cire aka sa ɗan kunnen manya mai nauyi don a yi hoton biki, ga ƙarfen ya tsufa, ga man shanu da ake ta shafawa, ga hijabi dare da rana iska ba ta shiga. Abin da ke riƙe ɗan kunnen ta baya ya nutse cikin nama, sai da ta sa ɗan ƙarfenta ta ciro shi, ni na riƙe kan yarinyar a ƙirjina tana ihu. Kunnen dama da sauƙi, ta cire ɗan kunnen ta zura zare mai tsabta. Na hagu ta ce a bar shi ya toshe, kuma ta sa yatsana a bayan kunnen, na ji wani ɗan ƙullutu mai tauri. Ta ce, "Baban Ummi, ba zan yi maka ƙarya ba, yana iya zama kumburin ciwo ne ya sauka, yana iya zama irin na ƙirjinka. Sai an yi wata biyu uku za a sani. In ya ƙaru ka kai ta babban asibiti, kar ka bari kowa ya sa reza." Ta ce in da ita ce, na daman ma za ta cire zaren ya toshe.

Tun ranar yarinyar tana wajena, an yi sa'a ana hutun tsakiyar zango. Safe da yamma ina dafa ruwa in sa gishiri in bari ya huce, in wanke da auduga, in ɗan motsa zaren kar ya kama. Ba ta iya kwanciya ta gefe, sai rigingine. Riga ma in za ta sa sai ta buɗe wuyan da hannu biyu. Da farko in na matso sai ta runtse ido, wai hannuna kaushi kamar taya. Yanzu ta saba, ita ke riƙe mini kofin. Amma na lura in ta ɗauka ba na kallo, sai ta je gaban gilashin mashin ɗina ta juya kunnen dama tana duba zaren nan, tana murmushi. Zare ne fa kawai baƙi.

Kwana huɗu Adda tana kira ban ɗauka ba, don na san bakina. Ranar Alhamis bayan azahar na rufe wajen aiki na tafi Yola Gari. Na yi zaton za ta ba ni haƙuri, wallahi da ta ce na yi kuskure da maganar ta mutu a nan. Ba ta ce ba. Cewa ta yi ita ma Dada ce ta haife ta, ga kunnenta huji bibbiyu lafiya ƙalau, 'ya'yanta mata huɗu duk lafiya. Na ce kin ga kafaɗar Ummi ai, ke kike mata wanka. Ta ce komai na Allah ne. Na ce akwatin fa, amana na ba ki. Ta ce kayan uwarta ne, ba ni zan sa ba, ko so nake su yi tsatsa a tsumma. Daga nan ta fara zazzage mini abin da ban sani ba. Wai shekara biyu yarinyar tana roƙon ta. Wai a islamiyya "Ummi namiji" ake kiran ta, in sun cire hijabi wajen wasa sai yara su ja mata kunne su ce ina ramin. Wai ta taɓa kama ta tana manna dutsen kwalliya a kunne da cingam. Wai ranar da aka kawo 'yan kunnen ƙawayen amarya aka raba wa kowa, ta shiga bayan gida ta fi awa. Ta ce, "Ta taɓa gaya maka ko ɗaya? Ba za ta gaya maka ba. Kai ka san tana da kunne, ni na san tana da zuciya."

Na ce to duk na ji, me ya sa ba ki kira ni kin zaunar da ni ba, ko wajen Maman Joy ne sai mu je mu tambaya. Ta ce don ta san ba zan yarda ba. Na ce da ya fara ruwa fa, me ya sa kika ba ni ita a rufe kina kallon idona. Na ce wa ya gaya wa yarinya zan raba ku. Ta ce ita ce, ta ce mata in Babanki ya gani zai ɗauke ki daga gidan nan, ki daure har ya warke. Jama'a kwana goma sha shida 'yata tana ɗauke da ciwo yana ruɓewa, tana ci tare da ni a kwano ɗaya, tana mini ƙarya da malami, saboda an nuna mata ni ne abin tsoro. Na ce wa Adda maganar da ban taɓa ce mata ba, na ce kin ci amanata kin ci ta Maryamu, ki haɗa mini kayan 'yata gobe zan zo. Mijinta ya fito yana ba da baki, ban tsaya ba.

Da na dawo ban gaya wa Ummi komai ba, amma ta gani a fuskata. Muna wankin kunnen yamma ta ce, "Baba ni na ce a yi mini. Goggo ta ƙi ta ƙi, ni na dame ta." Can kuma ta ce, "Na Mamana nake so in sa ko sau ɗaya, na sa ai. In ka ce a cire zaren a cire, amma ka bar ni in koma."

To ga ni. In na ɗauke ta, abin da Adda ta gaya mata ya tabbata ke nan, ni ne mai rabawa, kuma gobe in wani abu ya same ta wanda ya fi kunne, ni ne na ƙarshen ji. Ga ta tana shirin zama budurwa, akwai abubuwan da ni ba zan iya koya mata ba, ɗakina ɗaya, ina fita tun safe. In kuma na mayar da ita, na mayar wa wadda ta kalle ni ta ce uwata ce ni ma, sannan ta buɗe akwatina, kuma har yanzu ba ta ga laifinta ba. Me kuma za a ɓoye mini nan gaba? In ƙullutun nan ya girma ya zama irin na Dada, da wane ido zan riƙa gaida Adda? Iyaye mata, ku gaya mini gaskiya, ni ne na zalunci yarinyar tun farko da na hana, ban taɓa tambayar ta ba? Kuma zaren na dama, in cire ko in bari? Akwai wadda take da irin fatar nan a gidansu ta huda ya zauna lafiya?

Washegarin faɗanmu da Adda da safe, jiya ke nan, na dafa ruwan gishiri na wanke mata. Na kama zaren da niyyar zarewa, ta rufe ido, na ɗan motsa shi kawai na saki. Na bar ta wajen Maman Joy na hau mashin zuwa Yola Gari. Na tarar Adda ta fito da akwatina tsakar gida, kusa da shi jakar Ummi a ɗaure, yunifom a goge an ninke a sama. Tana zaune bakin murhu idonta a kumbure. Na ce Adda ina kwana, ta ce lafiya Ɗanjuma, ya kunnen. Na ce da sauƙi. Na ɗauki akwatin na ɗaure a bayan mashin. Jakar na tsaya a kanta na daɗe, na fita na bar ta a nan. Jibi Litinin ake komawa makaranta, don Allah ku gaya mini inda zan kai ta.