Tokar da Iya Ta Zuba a Wake

Nguru,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Hashim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Nabila. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa mu ga abin da za ta haifa. Yaya Ikko, yaya aiki? Iya tana Gashuwa, ƙafar ce dai take damunta, amma bakin nan nata yana nan yadda ka san shi. Ruwa ya ja baya, an fara dashen albasa. Ni kuwa yau kwanana goma sha ɗaya a asibiti a nan Nguru da 'yata Shuhada, a baranda nake rubuta maka.

Na san ranka ya sosu da wayar da na yi maka shekaranjiya, na ce kada ku taɓa waken da Zakir direba ya kai muku, na kashe ban faɗi dalili ba. Ka yi haƙuri. Iya ce ta zo dubiya, tana zaune gwiwarta na gugar tawa, ba yadda zan yi in buɗe baki.

Ka tuna tun da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, Malam Ibram ya rataye komarsa ya shiga jari-bola. Ya bi kasuwar Jakusko da ta Dapchi yana sayen matattun rediyo da fanka da talabijin, ya tara wayoyin a kangon bayan gidan Iya, ya ɗora tsohuwar taya ya cinna wuta, robar ta ƙone, jan ƙarfen ya fito, ya kawo Nguru a auna. Da ka zo Babbar Sallah ka ga hayaƙin nan, ka yi masa faɗa kamar ba mijin yayarka ba. Ni ma a lokacin na ji haushinka, har na ce ka zo mana da bakin Ikko. To, kai ne da gaskiya, yau na faɗa. Ɗan injin fere waya da ka aiko, wanda ake juyawa da hannu, bai kwana a kwali ba. Shekara biyu ke nan Malam bai ƙyasta wa waya ashana ba. A zaure yake zama yana ferewa, roba a buhu guda, jan ƙarfe a wani, korayen allunan cikin rediyo kuma ya aika muku yadda suke, kamar yadda ka ce. Abokan sana'arsa suna tsokanarsa wai ya koma mai feren kabewa, shi ko a jikinsa. Tarinsa ya tafi, shanyata ta daina yin baƙi. Wallahi na ɗauka mun tsira.

Abin da ba wanda ya tuna da shi a cikinmu shi ne tudun tokar da ya rage a kangon. Ba laifinka nake gani ba, ni ce kullum nake wucewa ta gefensa. Ka san Iya ba ta yarda da maganin ƙwari na kasuwa ba, ta ce guba ne, ita da toka take ajiye wakenta a randa, yadda kakarmu take yi. Tun da muka koma girki da gawayi take mitar toka ta yi mata kaɗan. Ashe ta gano wancan tudun, ga yawa ga laushi. Kaka biyu a jere tana ɗiba, ta tankaɗe da rariya, ta cakuɗa da waken. Shuhada ce 'yar ɗakinta, ita ke riƙe mata rariyar, ita ce kuma mai lashe kwanon fate. Ko ƙwaro ɗaya bai shiga randar ba. Iya ta yi ta alfahari, har ta ɗebar wa maƙwabtanta, Ya Fanne da gidan Babagana, tokar, ta ce su gwada su ga ikon Allah.

Da ciwon ciki yarinyar ta fara, sai amai, sai ta tashi da safe fuska a kumbure. Da na ga ƙafafun sun hau, na ɗauke ta sai asibiti, don ɗan Gashuwa ba sai an faɗa masa abin da kumburin ƙafa yake nufi ba. Likita ya ce ƙoda ce. Ya aika jininta Kano, sakamako ya dawo da dalma a ciki mai yawa. Ya tambayi sana'ar ubanta, na ce ai ya daɗe da daina ƙonawa, har da ɗan fahariyata. Sai ya tambaya ina tokar da ya ƙona a da take. Washegari na shiga mota na koma gida. Iya tana maƙwabta, na buɗe randar na tura hannu, na ɗebo wake da toka. A tafin hannuna, Hashim, ga wani ɗan silin jan ƙarfe a lanƙwashe, bai kai tsawon farce ba. Nan na zauna a ƙasa.

Likitan ya ce ba zai rantse tokar ce kaɗai ba, amma ita ce abin da ya fi zargi, kuma dukkanmu sai an auna jininmu. Ana yi wa Shuhada wankin ƙoda sau biyu a mako. Na tambaye shi ko ƙodar za ta farfaɗo, ya ce mu yi ta addu'a, bai kalli idona ba. Shekararta goma sha ɗaya. Jiya take tambayata ko za a sallame ta kafin saukar Alƙur'anin ajinsu, na ce in sha Allahu, na fita waje. Tsoro nake ji, ƙanena, kuma na gaji da cewa da sauƙi.

Malam ya ɗauki shebur ya nufi tudun, ya tsaya a kansa ya rasa inda zai kai shi. Kogi mutane ke sha, gona abinci ce, bola kuma awaki ke kiwo. Ƙarshe ya lulluɓe shi da buhuna ya danne da duwatsu. Kai da ka san aikin nan, ka koya mana yadda ake cire jan ƙarfe ba wuta, to wanda aka riga aka ƙona fa, ina ake kai tokarsa? Ka tambayar mana a wurin aikinku.

Iya ba ta sani ba. Dole in faɗa wa Ya Fanne da su Babagana, akwai yara a gidajen, kuma ranar da suka ji, ranar za ta ji. Ita ma waken take ci. Sau uku ina shirya maganar, in na ga fuskarta sai ta maƙale. Kai ne autanta, daga bakinka za ta fi iya ɗauka. Ka nemi izini ka taho, ko kwana biyu ne, kada ka wuce makon nan.

Ka gaida Nabila, ka ce ta zubar da waken inda kaza ma ba za ta tona ba, in kuma ta riga ta ci, ta faɗa wa likitanta. Ka gaida Kawu Mahfuz da iyalinsa, da Zahra. Malam yana gaishe ka. Shuhada ta ce a gaishe ka, kai kawunta, wai ka yi mata alkawarin jaka.

Jiya Iya ta aiko Zakir da kula cike da faten wake, da alayyahu da manja, ta ce a ba jikarta, wake yana ƙara jini. Na zagaya bayan asibiti na juye, na wanke kular na mayar. Ɗazu ta kira ni tana murna, wai yarinyarta ta cinye tas, alamar sauƙi ke nan. Ta ce har ta jiƙa na gobe.

Wassalam,
Yayarka,
Rahima.