Sunan Babana da Na Kasa Faɗa

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke ba waɗanda ruwa ya rushe wa gidaje mafaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda kuke aiki tare. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara taimako.

Sunana Sa'adatu, daga wani ƙauye a mazaɓar Kara, ƙasar Gwarzo. Bara na gama firamare. Ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, ka gafarce ni in na yi kuskure. Ni ban iya magana a gaban mutane ba, kuma rashin iya maganar ne ya jefa mu halin da muke ciki. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Na farko, ga yadda abin ya faru. A daminar da ta wuce an yi kwana uku ana ruwa, ɗakunanmu biyu na ƙasa suka zube, rumbun ma ya bi su. Mu uku ne a gidan: ni da Innarmu da ƙanwata Ladidi. Babanmu ya rasu shekara biyu ke nan. Da yake ana hutu, sai aka buɗe mana makarantar firamare, mu da sauran waɗanda abin ya shafa, muka shimfiɗa tabarmi tsakanin bencina. A ajin da na yi aji huɗu muka zauna.

Bayan sati guda mutanenka suka zo da littafi, suka kafa tebur a gindin darbejiya, aka ce kowane gida ya shiga layi. Da aka zo kanmu, mai rubutun ya ce a faɗi sunan mai gida. Inna ta ce ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, amma sai da sunansa za a rubuta gida.

Ranka ya daɗe, kai ma ka san matan ƙauyenmu. Inna ba ta taɓa kama sunan Baba ba, yana da rai ko bayan ransa. Ni ce 'yar fari, ko nawa sunan ba ta faɗa, "ke" take ce mini. Sai ta nuna ni ta ce baban yarinyar nan ne. Mai rubutun ya yi dariya ya ce, to Inna, mijin naki ba shi da suna ne, ko kin manta? Mazan da ke bayanmu suka kwashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce mu koma gefe, in mun tuna mu dawo.

A nan ne laifina yake. Ina tsaye kusa da ita, sunan yana bakina. Shekara shida ana kiransa a bayan nawa kullum da safe a wannan makarantar, ina amsawa. Amma da na ga idanun maza a kaina sai harshena ya yi nauyi, na kama gefen zanen Inna kamar ƙaramar yarinya. Na ce wa zuciyata in layi ya ragu zan koma. Layi bai ragu ba hadari ya haɗo, suka rufe littafi suka shiga mota. Mai unguwarmu da zai faɗa musu sunan, a lokacin ya raka sauran ma'aikatan ɗaya gefen gari.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Da hutu ya ƙare aka ce a fita daga azuzuwa, yara za su dawo. Waɗanda sunansu ke littafi aka kwashe su zuwa ɗakunan da kuka gyara a tsohon wurin ajiye taki, aka ba su gidan sauro da bargo, daga baya har da kwanon rufi. Mu aka duba aka ce ba mu. Sau biyu muna zuwa ofishinku da mai unguwa. Zuwan farko an ce mai littafin ba ya nan. Zuwa na biyu an ce an rufe rubutu, wanda bai shiga ba sai wani karon. Ban san ko wani karon yana nufin sai ruwa ya sake rushe wa mutane gida ba.

Ranar da muka fito da ƙullin kayanmu muka tsaya a bakin makaranta ba mu san inda za mu dosa ba, Malama Rifkatu ce ta gan mu. Malamata ce ta aji biyar, 'yar kudancin Kaduna. Ta ce wa Inna ta ɗauko kayan, ba a yi wa malama gardama a ƙofar makarantarta. Ta kwashe buhunan masararta daga ɗan ɗakin ajiya na gidan da take haya ta ba mu. Can muke har yau. In mun kwanta ƙafar Ladidi tana taɓa ƙofa, amma ba ya yoyo.

Yanzu an yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa Gude, a ƙasar Kabo. Da ƙarshen wannan zangon za ta tashi, kuma mai gidan ya riga ya yi wa wani alkawarin ɗakunan. Kangonmu yana nan yadda ruwa ya bar shi, ciyawa ta fito a inda gadon Inna yake. Damina kuma ta kusa.

Ban ce mai rubutun mugu ba ne. Mutane sun yi yawa, kuma ya gaji. Amma da ya tambayi ko mutum ɗaya a layin, kowa ya san Babana. Inna ba ta taɓa ce mini komai a kan ranar ba. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Kullum na ga tana ninke tabarma don a sami wurin salla, sai in tuna kalma biyu ce kawai aka nema a bakina.

Na uku, roƙona. Ina roƙon a buɗe littafin a sa gidanmu, a ba mu ɗaki ko da guda ne kafin Malama ta tashi. Ina kuma roƙon in za a sake irin wannan rubutu a zo da mace a cikin ma'aikata, kuma a yarda a rubuta gida da sunan matar da ke riƙe da shi. Na tabbata ba Inna kaɗai ce za ta zaɓi komawa gefe a kan ta kama sunan mijinta a gaban maza ba.

Ga abin da aka tambaya ran nan. Sunan mai gidanmu marigayi Malam Isuhu Ɗan'azumi, manomi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu.

Na karanta wa Inna wannan takardar kafin in ba Malama ta kai inda za a gani. Da na zo kan sunan sai ta juya fuskarta bango. Na jira ta ce in goge. Ba ta ce ba.

Allah ya ba ka ikon dubawa, ya rufa maka asiri, ya sa kada naka su taɓa tsayawa da ƙullin kaya a bakin hanya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Sa'adatu Isuhu