Akwatin da Ka Aiko wa Inna

Safana,
Jihar Katsina.

Zuwa ga yayana, Hamma Abdulhakim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Naja'atu da yara. Allah Ya tsare ka daga wutar lantarkin da kake wuni a cikinta, Ya bar maka lafiyar kunnuwan da kake cin abinci da su. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, geron da maigidana Badaru ya shuka a hanyar Tsaskiya ya fara fid da kai, sai dai ba a yin nisa da gari, ka san halin da ake ciki. Baffa Daudu ya zo daga Darini ranar kasuwa. Har yanzu yana nan da maganar jiniyar da ya ce ka samo wa 'yan sintirinsu, mai aiki da sola, wadda za a ji daga bakin daji. Na ce masa zan tuna maka, to ga shi na tuna.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Armaya'u direba zai loda shanu zuwa can wajenku Legas, na roƙe shi ya kai maka hannu da hannu. Maganar da zan yi ba ta waya ba ce. Sabis ɗinmu yana yanke zance a tsakiya, ni kuma in na fara da baki kuka ne zai ƙarasa mini.

Ka ce kamfaninku zai tura ka babbar masana'antarsu ta ƙasar Sin, shekaru masu yawa, kuma suna jiran amsarka bayan Sallah. Da na tambaye ka Inna fa, sai ka yi 'yar dariyar nan taka, ka ce Inna ba ta da buƙatarka, saƙo kuwa daga ko'ina yana isowa. Ka ce ko waya aka miƙa mata sai ta juya wa bango fuska. Ka ce ka san kunyar ɗan fari, amma tata ta wuce kunya, tana riƙe da kai ne don ba ka nan ranar da aka kore mana shanu a Ruma, ranar da muka rasa Baba. Hamma, maganar nan ta yi mini zafi, na kwana biyu ina jin haushinka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, jikin Inna ya ja baya. Ƙafafun sun ƙara kumbura, numfashi yana yi mata wuya, likitan da muka gani a Katsina ya ce zuciya ce. Ya rubuta magani, amma bai yi mana maganar wata damina ba.

To bari in ba ka labarin akwatunanka, intakom ɗin da ka aiko don ta riƙa kirana ba sai ta ɗaga murya ba. Badaru ya ja wayar ta saman katanga kamar yadda ka zana masa, ya kafa ɗaya a gefen gadonta, ɗaya a rumfar da nake ɗinki. Ina yi mata bayani tana kallon rufin ɗaki. Ta ce ita ba ta kai matsayin da za ta riƙa danna maɓalli kamar 'yar asibiti ba, muryar da ta kira shanu daga ƙetaren rafi ba za ta gaza kiran 'yar da ta haifa ba. Sai Badaru ya danna don gwaji. Mun zaci ƙarar ƙararrawa za mu ji, sai ga fito. Fitonka, Hamma, wanda kake yi wa shanu da yamma in za ku juyo gida, mai hawa sama ya karye a ƙarshe. Ashe shi ka naɗa a ciki, ba ka gaya wa kowa ba, ɗan rainin hankali. Ni dariya na yi. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mu fita za ta yi barci.

Kashegari da hantsi ina taka keke sai na ji fiton. Na yar da almakashi na ruga, na same ta zaune lafiya lau. Ta ce hannunta ne ya taɓa. Da abin ya maimaitu sai ta kafa mini doka: in tana nemana za ta danna sau biyu, in kuwa sau ɗaya ne kada in taso, tana duba ko batirin yana da rai ne. Na ce to. Batirin nan dai ba a taɓa yin wanda aka damu da lafiyarsa kamarsa ba.

Wata rana bayan azahar, gida ya yi tsit, hadari yana haɗuwa ta gabas, fiton ya tashi sau ɗaya. Ban motsa ba. Sai na lura 'yar jar fitilar akwatina ba ta mutu ba, ta bar yatsanta a kan maɓallin. Na ji numfashinta, na ji ƙarar carbinta, sannan na ji ta fara magana ƙasa-ƙasa, Hausa da Fulatanci a haɗe. Na ɗauka ta zaci abin ƙararrawa ce kawai, ba ta san yana ɗaukar murya ba, tunda ranar bayani ba ta saurare ni ba. Na so in tashi in gaya mata. Ƙafata ta sauka daga kan keken, amma ban iya miƙewa ba, domin da kai take magana.

Tun daga ranar, kusan kullum sai ta yi. Ba ta faɗin sunanka, "kai" kawai take cewa. Tana ba ka labarin Ruma kamar yanzu take kallonta: raɓa a kan ciyawa da sassafe, fararen shanu suna fitowa daga hazon damina ɗaya bayan ɗaya, tsamiyar bayan ruga, ƙamshin nono a sabuwar ƙwarya. Ta ce da aka haife ka kakarmu ce ta ɗauke ka, ita ba ta isa ta riƙe ka a gaban mutane ba, sai ta huda zana da tsinke ta riƙa leƙenka kana rarrafe a bayan maruƙa. Ta ce ranar da ka fara fito ba ka iya ba, iska kawai kake hurawa, ta shige ɗaki ta toshe baki da zane tana dariya kada a ji. Ta ce ramin zanar nan ya yi ta faɗi har kaza tana iya wucewa, kowa yana ɗora wa ɓera laifi.

Ni kuma ina zaune da ɗinkin mutane a cinya, sai in lula duniyar tunani. In ga kaina a masana'antarku da ka taɓa kwatanta mini: dogayen tebura, mata da fararen riguna da huluna suna ɗiga dalma a kan ƙananan alluna kore, akwatuna suna tafiya a kan bel a jere, kowanne da muryarsa a kwance ba a tashe ta ba tukuna. Wannan zai yi ihun gobara a wani asibiti, wancan zai tsare ƙofar wani shago, wani kuma zai ce wa matar gida ta yi baƙo. Sai in gan ka a ɗakin gwajin nan da ka ce an lulluɓe bangonsa da soso har mutum yana jin bugun zuciyarsa, kana tashinsu ɗaya-ɗaya kana saurara, mai kyau ya wuce, mai shaƙaƙƙiyar murya a mayar. A tunanina har shanunmu nakan gani suna ratsa tsakanin teburan a hankali, ba wanda ya hana su. Tausayinka yakan kama ni. Ka wuni kana sauraron kiran da za a yi wa mutanen duniya, ga naka ana yi a Safana ba ka ji.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi maganar ranar Ruma. Ka karanta nan da kyau, don saboda shi na ɗauki biro. Ta ce da aka fara harbi, tana kwance cikin dawa da ni a ƙarƙashinta, abu ɗaya take maimaitawa a ranta, godiya ga Allah da ba ka nan. Ta ce ta san ka, da kana nan bayan shanun za ka bi, kamar yadda Baba ya bi. Ta ce ita ce ma ta matsa wa Baba ya bar ka ka tafi makarantar koyon sana'a, ta bakin Baffa Daudu ta aika, don kada a ce ta nuna son ɗan fari. Da ka zo ta'aziyya ta ƙi ɗaga ido, ta ce ta san in ta dube ka sau ɗaya za ta riƙe rigarka a gaban jama'a, ba za ka koma ba. Sannan ta ba ka labarin mafarkin da take yawan yi in ta ɗan kishingiɗa da rana: shanun duk sun dawo ta hanyar Batsari, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, kana gabansu da farar rigar aikinka da sanda a kafaɗa, ita kuma tana tsaye a fili, ba zana a gabanta.

Na yi kuka har na jiƙa atamfar wata amarya. Ina cikin share fuska sai na ji ta gyara murya. Ta kira sunana ta cikin akwatin, tar, ba ƙasa-ƙasa ba. Ta ce in daina riƙe numfashi kada in shiɗe. Ta ce tun ranar farko ta san ina ji, domin duk lokacin da ta danna sai kekena ya tsaya, kuma kunnenta bai tsufa ba. Ta ce ita ba ta yi magana da kowa ba, da akwati take yi, amma in akwai mai biro a gidan da ba ta da aikin yi, ba ta hana ta rubutu ba. Da na kai mata kunu da la'asar, ko kallona ba ta yi ba, ta ce gishiri ya yi yawa a miyar rana.

Hamma, ban ce ka ƙi ci gabanka ba, na san irin wahalar da ka sha kafin su san darajarka. Abin da nake roƙo, kada ka ba su amsa sai ka zo. Ka zo Sallar nan, ko ma kafin ta. Ka biyo motar safe daga Katsina, Badaru zai tare ka a tasha. Kuma kada ka sa ran za ta canza, in ka shiga gaishe ta bango za ta duba ta amsa maka a taƙaice, kamar kullum. Ka gaishe ta ka fito. Zan ɗaga maka daga kujerata ta rumfa bayan azahar, ka zauna kusa da akwatin da ka haɗa da hannunka, ka jira ta duba batir.

Ka gaishe mini da Adda Naja'atu, ka ce turaren ya iso kuma na gode. Ka shafa mini kan Muhsina da Nurain. Badaru yana gaishe ka, Baffa Daudu da mutanen Darini suna gaishe ka, Goggo Turai ta Batsari ta ce ka ci bashin zumunci. Ka san tunda nake aiko maka da saƙo ban taɓa sa Inna cikin masu gaisuwa ba, don ba ta taɓa bayarwa ba. Ɗazu ina naɗe takardar nan fiton ya tashi, sau ɗaya. Na tsayar da komai. Sai ta ce a rubuta a ƙasa cewa tana gaida Abdulhakim. Haka ta faɗe shi, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. Shekaruna duka ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai yau. Ka zo ka ji da kunnenka.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hussaina.