Idon Abdul-Aziz

Ain Khaled, Doha, ranar Asabar

Zuwa ga Hajiya Haulat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya 'yarmu Nusrat da jego? Yaya sabuwar amaryata, ta fara cigiyar angonta ko har yanzu barci ya fi ni? Na rubuta a takarda zan ɗauki hoton takardar in turo, don na san saƙon murya a gidan nan har maƙwabta sai sun ji.

Akwai maganar da na ji tun watannin baya, ban gaya miki ba don ban yarda da ita ba. Wanzamina, ɗan Filifin nan, shi ya ce mini wai ƙungiyarsu ta besbol ta sallami ƙaninki Abdul-Aziz ba don hannunsa ya gaji da jifa ba, wai idonsa ne. Dariya na yi. Mutumin da yake aske ni yana kallon talabijin, shi ne zai ba ni labarin idon wani?

Abin da ya tayar da maganar ga shi. Kin san tun da aka gama ayyukan Kofin Duniya manyan 'yan wasanmu suka koma gida. An bar ni da samari masu ƙarfi, amma babu mai iya jifa. Wanda muke lallaɓawa da shi, da ya ɗaga hannu mai gonar da ke bayan filinmu a Umm Salal yake fara tattara awakinsa. Yanzu da Abdul-Aziz ba shi da ƙungiya, yaran sun tasa ni gaba wai a ɗauke shi. Kaɗan daga cikinsu sun ce shekarunsa sun ja, gara mu daure mu sha kashi har namu su koya. Duka bakina suke jira, tunda ni suka ɗora a kujerar dattijo. Juma'a da safe zai zo gwaji.

Ki tuna mini, Hajiya: lokacin da suga ya taɓa idon Babanku, Allah ya jiƙansa, ya kai shekarun Abdul-Aziz na yanzu?

A gaishe da mutanen Zariya.

Mijinki,
Haladu

Ain Khaled, ranar Lahadi

Hajiya,

Ina gaisuwa, yaya gida da gajiyar suna? Na ga amsarki, kuma da ma ban tambaya ba.

An yi gwajin. Sai na ɗan koya miki wasan da kike kira jifan banza, don ki gane abin da na gani. Mai cafe ƙwallo yana tsugunawa bayan mai bugu, ya nuna wa mai jifa yatsu tsakanin gwiwoyinsa: ɗaya, a jefo miƙe; biyu, a jefo mai lanƙwasa. Mai cafe mana yanzu Wahid ne, ɗan Nima ta Accra. Ya zo mini yana ƙunƙuni wai jifan Oga ya yi kyau, amma girman kai gare shi, a nuna masa ɗaya ya jefo biyu.

Nan gabana ya faɗi. Tare muka koyi wasan nan da Abdul-Aziz wurin mutanen Benezuwela na wurin aikinmu, kuma shekaru ni nake cafe masa. Yana da gardama a kan komai, har gishirin miya, amma bai taɓa saɓa wa yatsana ba.

Na karɓi hular ƙarfen da mai cafewa ke kare fuska da ita na tsuguna, gwiwoyina suka yi ƙarar da har yara suka ce sannu. Ban nuna masa komai ba, Hajiya. Hannuna a dunƙule yake. Ya sunkuyo ya duba, ya gyaɗa kai kamar ya gani, ya jefo. Na sake, ya sake gyaɗawa.

Daga baya wani yaro ya maka ƙwallon, ta koma kansa kai tsaye ta shafi gefen kunnensa na dama. Ko ƙiftawa bai yi ba. Yara suka ɗauki ihu wai ga jarumi. Ni kuwa na ga lokacin da ya waiwaya: sai da ta daki kwanon shingen gona ya ji ƙarar. Ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse, kuma tsakaninsa da mai bugu bai wuce faɗin tsakar gidanmu ba.

Na ja shi gefe na ce idonsa ba lafiya. Kin san ƙanin mata, tun ranar ɗaurin aurenmu ban taɓa yi masa maganar da ba ta tsokana ba, makaho ma na sha kiransa in jifa ya kuskure. Ya kwashe da dariya, ya kira yara su zo su ji tsohon da ya kasa tashi daga tsugune yana duba lafiyar mutane. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

In na faɗi dalili a gaban jama'a, kafin magariba zancen ya kai wurin aikinsa, can ma su sallame shi. In na amince, ni na tsayar da shi a wurin nan. Ko salla nake sai in ji ƙarar kwanon.

Ki sa mu a addu'a, kada ki kira shi tukuna.

Mijinki,
Haladu

Ain Khaled, ranar Laraba

Hajiya,

Bayan gaisuwa, ina fatan mai jego da amaryata suna lafiya. Ki yafe shirun da na yi, bakina ne ya yi nauyi.

Mun zauna da 'yan ƙungiya bayan sallar Juma'a a shagon shayi. Na ce ba za mu ɗauke shi ba, shi ke nan, ban ba da dalili ba. Wahid ya ce a gabana wai hassada ce ta tsofaffi, wasu suka ce za su bar ƙungiyar. Duk wannan bai dame ni ba. Abdul-Aziz ne ya miƙe, ya rusuna ya ce Allah ya ƙara girma, ya fita. Yaron da bai taɓa rabuwa da ni ba tare da ya taɓa furfurata ba.

Washegari na ji wata ƙungiya ta garin Wakra tana nemansa. A nan tsoro na gaske ya kama ni: na hana shi tsayawa inda nake iya ganinsa, na tura shi gaban mutanen da ba su san komai ba. Na kira bai ɗauka ba. Matarsa Mansuratu ce ta kira ni a ɓoye, tana ta kewaye-kewaye, har ta ce kwanan nan yana zuba shayi a gefen kofi, in ta yi magana ya ce kofin ne ƙarami.

Jiya bayan la'asar ya aiko in same shi a Corniche, bakin teku. Na tarar da shi zaune yana fuskantar jiragen katako, motarsa a karkace ta hau kan layi. Na zauna ta damarsa na jima bai san na zo ba, sai da na yi sallama. Ina shirin tsokanarsa don in sassauta abin, ya kama hannuna ya sa mini makullin mota.

"Yaya, yau ba wasa. Ka kai ni asibiti. Kuma kai za ka gaya wa Yaya Haulat, ni ba zan iya ba."

Bai je Wakra ba. Gobe za mu ga likita, kuma ban da idon daman, ban san me zai ce game da na hagun ba, don ya ce shi ma ya fara dishi-dishi. Ki gaishe da Nusrat, ki sumbaci amaryata, sannan ki sami wuri ki zauna ki kira shi, yana jira.

Maganar nan wanzami ya fara gaya mini na yi dariya, Mansuratu ta gaya mini na ce a bari mu gani. Yanzu ba ni da wanda zan ƙaryata, Hajiya, don wanda ya gaya mini na ƙarshe Abdul-Aziz ne da bakinsa.

Mijinki,
Haladu