Kwakwar da Ka Dasa a Bakin Tiga

Assalamu alaikum Baba,

Gaisuwa mai yawa daga 'yarka. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma wata bakwai ke nan da rasuwarka wata magana tana cina, in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba.

Gida lafiya lau. Inna ta koma saƙar faifanta, sai dai har yanzu in ta dama koko da safe, kwano biyu take zubawa kafin ta tuna. Ruwan Tiga ya ja baya sosai bana, masunta sai ƙorafi suke. Yaya Sani ya dasa albasa a garkarka ta bakin ruwa, kuma ta yi kyau, tubarkalla.

Zancen kwakwarka ne ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da ka baro Legas gaba ɗaya, bayan shekara goma sha takwas kana kula da bishiyoyi a gandun shaƙatawar nan na bakin teku? Wasu rediyo da atamfa suke dawowa da su. Kai kuwa ka sauko daga mota rungume da kwakwa mai tsiro, naɗe a tsumma. Wallahi har kunya na ji a gaban ƙawayena.

Ka dasa ta a garka, kuma a gindinta ka ba ni labarin gandun nan har na haddace. Bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun zalɓe. Gadar katakon da ta ratsa fadama. Biran da ke fizge wa 'yan birni gyaɗa a hannu. Da tsohuwar rijiyar da ka ce a nan bayi suke shan ruwansu na ƙarshe kafin a zuba su jirgi, wadda kake share gefenta kullum ba wanda ya sa ka. Ka ce wata rana za ka kai ni in gani da idona. Me ya sa ban matsa maka ba tun kana da ƙarfi?

Duk tsayuwar wata sai ka barbaɗa wa kwakwar gishiri, tafin hannu biyu. Ka ce haka mutanen can suke yi, don kwakwa 'yar bakin teku ce, in ta rasa gishiri zuciya take yi. Mutanen garin nan suka yi ta maka dariya, ko a jikinka.

Da ciwo ya kwantar da kai, ni ka damƙa wa aikin, ba Yaya ba. Baba, sau biyu kacal na je. Matan da ke wanki a bakin ruwa suka sa ni a gaba, wai ga mai yi wa bishiya miya. Ka san ni da zuciya. Daga nan duk gishirin da ka ba ni, a ƙwaryar Inna nake juye shi. Wata biyar kana tambayata ko na zuba, ina ce maka na zuba, kana sa min albarka. Albarkar nan ita ke hana ni sakewa. Ka gane ƙarya nake, ka ƙyale ni? Ko har ka tafi kana gaskata ni?

Yanzu ganyen kwakwar ya yi rawaya, rassa uku sun bushe. Malamin gona ya ce ƙila sanyin bana ne, ƙila tsutsa ce, amma ni hankalina bai kwanta ba. Yaya kuma ya ce shekara takwas ba ta haifi ko ɗaya ba, inuwarta na ci masa kunya biyu, da ya cire albasa zai sare ta. Mun yi cacar baki har Inna ta shiga tsakani. Cikin kuka na faɗa masa abin da na yi maka. Na zaci zai zage ni, sai ya sa takalminsa ya fita.

Shekaranjiya wata ya tsaya. Na ƙulle gishiri a bakin mayafi, na bi ta gaban matan nan ban sunkuyar da kai ba. Da na isa sai na tarar an riga ni. Gishiri fari fat a gindinta, ya kai rabin kwano! Ka san hannun Yaya, ba ya sanin kaɗan. Na durƙusa ina kwashe rabi, ina dariya ina hawaye. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce ya fasa saran ba. Saura mako uku a cire albasa.

Baba, ina kewarka ƙwarai. In Allah Ya sa ta tsira har ta haihu, wa zai gaya mana ta nuna? Duk gidan nan ba wanda ya taɓa ganin kwakwa a kan uwarta sai kai.

Ka yafe min. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarka da ta ci amanarka wata biyar,
Hajara